Nardo ko Daytona: yadda muka sha fama da toka biyu kan motar Yaya

Motar dai Audi R8 ce ta 2012, mai injin V8 4.2 ɗin nan da ke bayan kujera ana hango shi ta gilas, kuma baƙa ta zo. Yayana ne ya saye ta, okaziyo daga Amurka, irin waɗanda aka ɗan buga aka saida a gwanjo, ni kau da yake ni ne mai zaman gari shi kullum yana bisa hanya, duk wata hidimar mota a kaina take faɗawa. Kar ma wani ya tambaye ni mi mutum zai yi da R8 a Maradi da rairayinmu da pabe da tudun rage gudu ko'ina, na riga ku tambayar shi, abin da ya ce mani shi ne kowa ya sai rariya ya san za ta zubda ruwa. To shikenan.

Da ta iso muka wanke ta muka fiddo ta rana sai ga aiki ya bayyana. Ƙofar dama da gefen gaba an taɓa gyara su can, baƙin da aka fesa bai zo daidai da na asali ba, berni na rufin sama, wato ruwan sheƙin nan da ake fesawa bisa fenti, ya fara yin hazo-hazo yana ɓarewa, parshok na gaba duk tsakuwa ta cinye shi. Ba abin faci ba ne, sai dai a sake ta gaba ɗaya. Tunda kau za a sake, ba wanda ya tsaya kare baƙi ko da minti guda. Duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota a garin nan ya san wahalar, ka wanke da safe kafin azahar yaro na iya rubuta sunanshi bisa kapo da yatsa, ga watan 4 da na 5 in zafi ya haura 40 sai ka ga kilim na ta kuka ba ta iya komi. Fari kuma Yaya ya ce a'a, farar mota a nan ta ƴan proje ce da Hilux, ja ko ruwan ɗorawa kuma ni na ce a'a don motar ma haka nan tana tara yara bare a ƙara mata da kalar da za a hango daga Tibiri. Sai muka tsaya kan ruwan toka, ni a zatona magana ta ƙare ke nan, ashe nan za ta fara.

Toka a wajen Audi ba guda ba ce. Biyun da suka rage mana bayan mun zubda sauran su ne Nardo da Daytona. Nardo lambarshi LY7C, toka ne mai haske, shafaffe, ba ƙyalli ko ɗigo a cikinshi, kamar siminti da ya bushe aka zuba mashi berni. Wajen 2013 ya fito tare da wata Audi da ake ce ma RS7 kuma tun daga nan duniya ta rikice a kanshi, yanzu har ƙananan motoci da babura ana kwaikwayo. Daytona lambarshi LZ7S, ya fi duhu sosai, kuma akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi masu walƙiya cikin fentin, a inuwa ka ce kusan baƙi ne, in rana ta doke shi sai ya buɗe yana wani tartsatsi. Duka biyun sunan filin tseren mota aka ba su, Nardo can kudancin Italiya, wani da'ira mai fiye da kilomita 12 da Fiat ta gina a 1975 Porsche ta saye a 2012, Daytona kuma a Florida ta Amurka inda ake tseren awa 24. Yaya ne ya haddace wannan duka don shi in zai yi gardama sai ya yi shiri.

Shi Daytona yake so. Hujjarshi kuma ba ta banza ba ce. Ya ce R8 ta farkon nan da Daytona aka santa, kala ce da masana'anta da kanta ta fiddo ta da ita, ga shi a 2024 an daina ƙera R8 kwata-kwata, saboda haka wadda ke hannunka ka bar ta da kamannin zamaninta, kar ka ɗora mata kalar da ta yi tashe daga baya. Ya ƙara da cewa Daytona ana ganin kuɗi a jikinshi. Ni kuma Nardo nake so, kuma gaskiya ba don kyau kaɗai ba, don na san ni ne zan riƙa jigilar ta zuwa wanki da garaji.

Sai muka shiga aika ma juna hotuna ta WhatsApp, shi yana can ni ina nan, kowa na zaɓo wanda ya fi fidda nashi. Wanga mataki dai ɓata lokaci ne kawai in ka tambaye ni. Hoton da ke intanet an ɗauke shi ƙarƙashin gajimaren Jamus ko cikin ɗakin nuni mai fitilu, an gyara shi, kuma wayata da tashi ma ba kala guda suke nunawa ba, hoto guda a tawa Nardo na ɗan ja zuwa shuɗi a tashi yana ja zuwa ƙasa-ƙasa. Hasken Maradi daban ne, rana ce a tsaye mai wanke kala, ga jar ƙasa da farin rairayi na maido haske daga ƙasa.

Mai fentinmu ne ya raba gardamar hoton. Dattijo ne, ya yi shekaru yana aiki a Kano da Kwatano kafin ya dawo gida, ba shi da irin ɗakin gasa fenti na zamani amma ya gina ɗaki rufaffe da fanka mai zuƙe iska da raga, kuma hannunshi kowa ya yarda da shi. Na nuna mashi hotunan a waya ko kallo na biyu bai yi ba ya ce, "Ɗana, ni ba na fesa waya, ƙarfe nake fesawa. Ka kawo mani kaɗan-kaɗan na kowanne mu gani da idonmu." Na ce, "To Baba, a kan mi za mu gwada?" Ya ce in je wajen ƴan gwangwan in samo tsohon gefen mota guda biyu, kuma ya ja mani kunne kar in kawo shafaffen faranti, ya zama mai lanƙwasa da kusurwa, don kala a kwance ƙarya take, sai a wurin lanƙwasa take nuna halinta.

Fentin a Kano aka haɗa. Ka bi ta Ɗan Isa ka shiga Jibiya ka wuce Katsina, akwai masu saida fentin mota da ke da kwamfuta da sikeli, ka ba su lamba su fiddo ma'aunin kowace kala da gram su zuba. Abin da na lura da shi nan, lamba guda tana iya samun ma'auni fiye da ɗaya, kuma kowane kamfanin fenti da nashi haɗin, to in ka ga wanda ya yi maka ka sa a rubuta maka sunan kamfanin da ainihin ma'aunin a takarda, kar ka dogara da LY7C kaɗai. Akwai kuma masu haɗawa da ido, su ɗiga baƙi cikin fari su ce ga Nardo, wallahi in ka ganshi a gwangwani ba ka rabewa, sai ya hau mota.

Baba ya shirya gefunan nan biyu daidai wa daida, fentin ƙasa iri guda, yawan shafa iri guda, berni iri guda, don ya ce kalar abin da ke ƙasa tana taɓa ta sama. Da suka bushe na ɗauko su na jingine a tsakar gida inda rana ke samunsu tun sassafe har yamma, daidai lokacin kuma Yaya ya dawo gari, sanyi ya shigo hazo ya fara sauka.

Da sassafe da kuma bayan la'asar in rana ta kwanta, ba zan ɓoye ba, Daytona ya fi. Duk wata lanƙwasa sai ta fito, wuri guda haske wuri guda duhu, ƙwayoyin nan suna wasa, mutum sai ya tsaya yana zagaya shi. Nardo a lokacin yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Da tsakar rana sai abin ya juya, Daytona ya zama wani duhu mai ƙyalli da ke kashe ido, Nardo kuma ya yi fes yana nuna siffar ƙarfen ba hayaniya. Da dare ƙarƙashin fitila Daytona baƙi ne kawai, in ba an faɗa maka ba ba ka cewa toka ne, shi kau Nardo ko da dare toka ne. Na riƙe wannan na ce ma Yaya to mi ya raba mu da baƙin da muka gudo? Ya yi shiru amma bai sallama ba.

Zafi kuma da tafin hannu muka auna, wajen ƙarfe 2 na rana. Nardo ka iya aje hannu ka ɗan jima, Daytona sai ka janye. A lokacin sanyi ma ke nan.

Sai ƙura. Na hana kowa goge su, har yaran gida na yi ma kashedi. Ƙurar hazo fara-fara ce mai laushi, irin wadda iska ke kwasowa tun daga Bodele ta ƙasar Cadi, a kan Daytona kwana kaɗan ta yi mashi lulluɓi duk walƙiyar nan ta mutu, ya koma wani abu marar suna. A kan Nardo sai ka matso kusa ka shafa kafin ka san akwai ta, don kalarsu ta kusa zama guda. Amma jar ƙasa ba ta bar kowa ba, na ɗaure su a bayan mota na bi hanyar da ba kwalta na dawo, a nan Nardo ma ya nuna, har in ce jan ya fi fitowa a kanshi don yana da haske. Yaya ya ji daɗin wannan sosai har da kiran mutane su zo su gani. Sai na tuna mashi R8 da ƙyar take haye tudun rage gudu bare ta shiga hanyar ƙauye, ƙurar da za ta sha ta cikin gari ce da ta sama.

Daga nan na ba yaron da ke mana wanki ya wanke su yadda ya saba, bokiti guda tsumma guda, ban ce mashi komi ba. Wannan shi ne gwajin da ya fi ba ni tsoro da Daytona. Rairayi na maƙale a tsumma, yana gogawa yana zana ƴan siraran da'irori a kan berni, a kala mai duhu in rana ta haska sai ka gansu rututu, a mai haske suna nan amma ido ba ya kama su. Za ka ce ai sai a koya ma yaron wanki da bokiti biyu da tsumma mai laushi, e ana iya koya mashi, amma ranar da ka aje mota ƙofar masallacin Juma'a ko gidan biki wani bawan Allah ya goge maka da hannun riga don ya kyauta maka fa?

Mutane kuma kowa da tashi. A fada aka kasu biyu, samari duk Nardo don shi suke gani a TikTok, manya kuma Daytona. Wani abokin Yaya dillalin motoci ya ce in dai saidawa ne wata rana, Alhazan garin nan mai ƙyalli suke so, kala marar walƙiya suna ganin kamar an rage mata daraja, amma ya yarda cewa mai sayen R8 ba daga kasuwar nan zai fito ba, sai Yamai ko Kano ko Abuja, can kau Nardo na da masoya. Wadda ta kashe mu da dariya Hajiya ce. Ta fito za ta alwala ta tsaya ta dubi gefunan biyu ta nuna Daytona ta ce wanga ya yi kyau, ta nuna Nardo ta ce, "Shi kuma wannan yaushe za a sa mashi fentin?" Ita a ganinta fentin ƙasa ne ba a ƙarasa ba. Yaya ya riƙe ciki yana ta dariya ya ce, "Kin gama magana Hajiya, Allah shi ƙara girma." Kuma ba ita kaɗai ba ce, duk wanda zai sa Nardo a nan ya shirya jin wannan tambaya daga masu gadi da masu saida esansi har ranar da zai rabu da motar.

A nan na ɗauka na sha kaye. Sai Baba mai fenti ya ce mu maido mashi gefunan akwai abin da ya rage. Muka je da Yaya, ya ɗauki ƙusa a gabanmu ya karce kowanne, dogon karce har ƙasa, ya ce, "Alhaji, motarka a Maradi za ta zauna, tsakanin ƴan kabu-kabu da adaidaita da amalanken shanu, ba maganar ko za a karce ta ba ce, maganar yaushe ce. Ku ba ni lokaci in gyara ku dawo."

Da muka dawo, a Nardo sai da ya nuna mana wurin da yatsa. A Daytona in ka tsaya gaba da gaba lafiya lau, kana matsawa gefe sai ga wani gajimare daidai inda aka yi facin. Ya zaunar da mu ya yi bayani. Ƙwayoyin da ke cikin irin wanga fenti ba zagayayyu ba ne, falle-falle ne, kuma yadda suka kwanta shi ke ba da kalar. In iskar kwamfaresa ta ƙaru ko ta ragu, in ka matso da bindigar feshi ko ka ja baya, in fentin ya sauka da danshi ko ya sauka a bushe, kwanciyarsu ta canza, kala ta canza, alhali gwangwani guda ne. Ga zafin garinmu da ke busar da fenti tun yana cikin iska kafin ya isa jikin mota. Shi ya sa in ƙofa guda ta samu matsala ba ƙofar kaɗai ake fesawa ba, sai an bi da shi a hankali cikin na gabanta da na bayanta don ido kar ya ga iyaka, aikin wuri guda ya zama na wuri 3, kuɗi ma haka. Ya ce zai iya fesa motar duka da Daytona ta yi kyau, wannan ba ya shakka, abin da ba zai yi alkawari ba shi ne facin bara ya yi daidai da na bana. Inda ke da ɗakin da ake riƙe zafi daidai a gasa fenti wajen digiri 60 abin ya fi sauƙi, to mu kuma duk karce sai mun ɗora mota bisa babbar mota an kai ta wani gari?

Bai bar Nardo haka nan ba shi ma. Ya ce da yake ba ƙyallin da zai ɓoye komi, in haɗi na biyu ya ɗan karkata zuwa shuɗi ko kore ko da kaɗan ne, a jikin ƙofa za ka ganshi ƙarara, maganin shi ne a haɗa da yawa lokaci guda a aje saura. Kuma mastik da gugar da ke ƙasa dole su yi sumul.

Yaya bai ce komi ba a garajin. Sai da dare bayan isha'i ya kira ni ya ce a sa Nardo, amma da sharaɗi, faifan nan biyu na gefe da ke bayan ƙofa, wanda shi ne alamar R8, da madubai da ragar gaba a yi su baƙi mai sheƙi, janti kuma a yi su da duhu, don kar Hajiya ta ƙara samun abin faɗa. Kuma gaskiya sharaɗin nashi ya gyara motar, don tokar in ba baƙin da zai kama ta tana iya yin fayau.

Ba mu fesa a lokacin ba. Baba ya ƙi taɓa ta cikin hazo, ya ce ko ɗakinshi a rufe yake ƙurar nan sai ta samu hanya, ya kuma ƙi tsakiyar bazara, aka jira ruwan farko suka kwantar da ƙura kafin damina ta yi nisa iska ta cika danshi. Kafin nan aka yi ta kwance-kwance, parshok gaba da baya, fitilu, robobin ƙofa, madubai, don canza kala ba waje kaɗai ba ne, in ka buɗe ƙofa ko kapo ka ga baƙi a ciki an san aikin rabi ne. Jikin R8 kuma alminiyom ne ba ƙarfe ba, to ya ware mata sabuwar takardar guga da kayan aiki nata, ya ce garin ƙarfe in ya shiga alminiyom daga baya sai fenti ya riƙa kumbura, fentin ƙasan ma na musamman aka sawo mai kama alminiyom. Wani ya ba mu shawarar mu liƙa leda kawai mu huta, ana samun ta kalar Nardo, amma na ga yadda rana ke yi ma irin ledar nan a rufin motoci a garin nan, ba mu ko tsaya kan maganar ba. Ranar feshi tun bayan asuba ya jiƙa ƙasan ɗakin da ruwa, ya kori kowa har ni, kafin rana ta ɗaga ya gama. Bayan nan ya ce a bar berni ya ƙarasa ƙarfi, ba goge-goge da man sheƙi sai bayan makonni, wanki da ruwa zalla a inuwa.

Sauran fentin yana cikin gwangwani a rufe ruf an naɗe da leda, na rubuta lamba da ma'auni a jiki, yana ɗakin da ya fi sanyi a gidan don zafin garaji zai kashe shi. Mun riga mun buɗe shi ma, ƙasan parshok na gaba ya gogi wani tudu a hanyar Ali Ɗan Sofo, Baba ya gyara da safe guda, in ka durƙusa ka san wurin za ka ɗan gani, a tsaye ba ka gani. Yaya har yanzu in muka fita da yamma ya ga rana ta kwanta sai ya ce da Daytona ne da yanzu ana kallo, ni kuma in ce mashi ya bari in ya sai ta biyu. Gefen gwajin Daytonan yana nan garajin Baba, wani mai Mercedes ya gani ya ce shi irin shi yake so, an riga an aika Kano a haɗo mashi.